Kaskon Sa'ida da Soson Rahmatu

Jama'a, yau da safe a cikin ruwan kwata na yi tafiya har gwiwa, takalmi a hannu, duk saboda kasko ɗaya.

Jiya matata Rahmatu ta ari kaskon maƙwabciyarmu Sa'ida, mai aiki a kantin magani, ta soya ƙwai. Irin kaskon nan ne da cikinsa yake baƙi sumul, abinci ba ya kamawa. To, a gidanmu ba a mayar da kayan aro da baƙi, abin kunya ne. Rahmatu ta samu soson ƙarfe da yashi, ta wuni tana dirza, har kasko ya koma fari fat. Ta kai shi tana jiran godiya.

Sa'ida ta ɗora hannu a ka. "Mon Dieu, Yaya Rahmatu! Baƙin nan fa shi ne kaskon!"

Na fito ban haƙuri, sai na sha lacca. Wai da wani sinadari, fuluwor, ake yin shafen. A da masana a Turai sun yi ta fama da shi, ya ƙona wasu, ya kashe wasu, kafin wani Bafaranshe ya iya ware shi. Yanzu yana cikin man goge haƙori, yana cikin iskar firij, shi ke hana komai manne wa kasko. Tana gamawa ta garƙame ƙofarta da kwaɗo. Ta tsakar gidanta kuwa muke bi zuwa titi duk damina, tunda kwatar layinmu a unguwar New Bell ta zama ƙanwar kogin Wouri.

Kwatar nan, ɗan siyasarmu Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi ya sha zuwa ƙaddamar da gyaranta. Ya yanke ƙyalle, ya ci tsire, ya tafi. Yau ina tsakiyar ruwa, raina a ɓace, na gano sirrinsa, kuma wallahi na jinjina masa. Ashe bawan Allah da fuluwor yake wanka. Alkawari ba ya manne masa, zargi ba ya kama shi, kunya ma zamewa take yi. Turawa da duk wahalarsu kasko suka shafe, mu mutum sukutum muka shafe.

Na gaya wa Rahmatu. Ta ce, "Malam, ni dai ban taɓa dirza abu ya ƙi fita ba."

An ce Mai Almakashi zai dawo kafin zaɓe. Sa'ida har yanzu ba ta buɗe ƙofa ba. Ni kuwa na sayo wa Rahmatu sabon soso, ƙato, na ce ranar ta tsaya a sahun gaba.