Ranar da Na Yi Kiwon Ƙwayoyin Cikin Malam

A shekarar da soja suka koma bariki, cikin ɗana Bashir ya ɗaure, ni kuwa ko atishawa ya yi sai na goya shi mu tafi asibiti. Wata nas ta ce min akwai ƙwayoyin halitta masu amfani a hanjin kowa, kuma wake, ganye da kindirmo ne abincinsu.

Na dawo Shahuci ina ji kamar ni ce likitar. Tunda kowa na da su, na ce duk gidan za a yi kiwo. Da safe ƙosai, da rana faten wake da kabeji, a kora da kindirmo. Maigidana ya ce, "Maman Bashir, babu tuwo ne?" Na ce, "Malam, bayin Allah ne a cikinka suke jin yunwa." Na ƙara masa wani ludayin.

Ashe liman ya yi tafiya, shi aka bar wa jan sallah. La'asar ta yi, jama'a sun daidaita sahu, Malam yana waje da buta yana sabunta alwala. Ya shiga, ya fito. Ya sake shiga, ya sake fitowa. An ce ƙarshe wani tsoho ne ya ce, "Ladan, ja mu kawai, Malam na da baƙi."

Bashir ya warke sarai. Amma har yau in na je gaishe da surukata, sai ta gyara zama ta ce, "Sannu Makiyayiya, ya garken? Yau dai Juma'a ce, a bar min ɗana ya samu sallah."