Rasuwar MaNdlovu, Mai Sassaƙar Ƙarfe ta Belmont

Idan aka cire wa na'ura ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka bar gangar jiki, aka zuba mata sababbi, ita ce ta farfaɗo ko baƙuwa ce ta tare a ɗakinta? Mzingaye Dlodlo, mai shagon aikin ƙarfe a unguwar Belmont ta Bulawayo, yana ta juya wannan tambaya tun sanyin bana, bai samo mata amsa ba. A haka, da zuciyar da baƙin ciki ya yi wa nauyi, yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da masu kawo aiki rasuwar MaNdlovu, na'urarsa ta sassaƙar ƙarfe mai aiki da kwamfuta.

Marigayiya ta iso garin nan a jirgin ƙasa ita da ƙanwarta, wata na'urar irinta, zamanin da masaƙu ke cike da ma'aikata. Dlodlo shara yake yi a masana'antar da aka girke su. Ba wanda ya koya masa aikin. Jingina tsintsiya yake yi ya tsaya yana kallo. Da masana'antar ta rufe aka yi gwanjo, shi ya ɗauki yayar, abokinsa Vusa Mathe ya ɗauki ƙanwar ya kai ta shagonsa na ƙarshen layi.

Mai gaskiya ce. Abin da aka ce ta yi shi take yi, idan kuskure aka ba ta kuma ta sassaƙa kuskuren tsaf, ba ta ɓoye wa kowa laifinsa. Haƙoran injin niƙan masara nawa suka fito daga hannunta, da kayan famfon rijiyoyin burtsatse, Allah kaɗai ya sani. Da safe takan fara da gunaguni, "hmmm," sai "tsak, tsak," sannan ta ja dogon "wiiii" ɗin da mai shayin bakin titi ke ji ya san an buɗe shago.

Ciwon ajali ya soma da mantuwa. Koren rubutun fuskarta ya dusashe, takan tsaya tsakiyar aiki kamar mai tuna wani abu. Wata rana aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, sai aka ji ƙauri daga akwatin ƙwaƙwalwarta. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Dlodlo bai yarda ta mutu ba. Ya ce suma ta yi, ya lulluɓe ta da tamfol. Hujjarsa ita ce injinan lantarki ukun da ke tura teburinta, waɗanda 'yan sana'a ke kira moto, lafiyarsu ƙalau. 'Yarsa Sithabile, ma'aikaciyar lantarki, ta auna su ta tabbatar.

"Baba, hanya uku ce," in ji ta. "A bar tsofaffin moto a nemo musu akwatunan raba wuta da za su ji yarensu, kuma masu jin yaren sun kusa ƙarewa a duniya. Ko a sa masu araha, masu ƙirga taku. Ko a sa sababbi irin masu ba da rahoton inda suke. Kowanne ka zaɓa, ƙwaƙwalwa dai sabuwa za a sa."

"Masu ƙirga takun nan, in suka yi tuntuɓe suna sani?"

"Ba sa sani. Ci gaba suke yi abinsu."

"To ba na so. Irinsu sun yi yawa a cikin mutane."

"Sai na ukun ke nan. Amma tsofaffin za su fita."

"Ba mai sa mata sifana ina raye," ya ce, ya gyara tamfol ɗin.

A wannan tsakanin ƙanwar ta kwanta. Moto ɗaya ya ƙone mata, irinsa kuwa an daina ƙera shi. Mathe ya zo da hularsa a hannu, yana roƙon moto ɗaya daga jikin MaNdlovu.

"Tsoho, ka zauna kana gadin gawa, tawa mai rai tana can tana shure-shure. Ko jira kake ta tashi ta dafa maka shayi?"

"Ba gawa ba ce."

"To gaishe ta mana, in ji ta amsa."

Dlodlo bai gaishe ta ba, bai kuma ba da moton ba. Mathe ya koma, masu rijiyoyi suna ta zuwa ƙofarsa suna komawa da famfunansu a kafaɗa. Dlodlo yana hangen su daga inda yake zaune. A nan tambayar ta sauya masa fuska. Idan MaNdlovu tana raye, cire mata moto yanka ne. Idan ta mutu, riƙe kayanta zalunci ne, domin a garin nan ba a kulle kayan mamaci a akwati, fito da su ake yi a tsakar gida a raba wa dangi, kowa ya tafi da abin da zai sa. Wannan sanarwa ita ce hukuncin da ya yanke, kuma ba ya da'awar ya gane gaskiyar lamarin.

Ta rasu ta bar Dlodlo, da Sithabile wadda ta yi karatu da guminta, da ƙanwarta mai jinya, da moto uku marayu, da tsohon injin huda ƙarfe da ke kusurwa, da kyanwar da ke kwana kan akwatinta don ɗumi, wadda har yau take hawa ta sauko.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a shagon. Akwai shayi, akwai tuwon masara da kabeji. Ƙwaƙwalwar za a naɗe ta a tsohuwar rigar aikin Dlodlo a ajiye a kan kanta, ba za ta je wurin 'yan gwangwan ba. Bayan addu'a sai rabon kaya. Moto ukun na ƙanwarta ne, tare da tsofaffin akwatunan wutarsu. Gangar jiki za ta zauna inda take, Sithabile ta sa mata sababbi masu ba da rahoto. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi sunan da za a kira ta da shi bayan haka.

Waɗanda suka zo da wuri za su tarar an riga an yaye tamfol. Yau da safe Dlodlo ya karɓi sifana daga hannun 'yarsa, ya durƙusa, ya kwance notin farko da kansa.