Dorina Ta Kwanta Dama a Tsakiyar Rafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun da iska kaɗai ke kai-komo a cikinsa, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da maƙwabtan da suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar motata Dorina, wadda na ƙera da hannuna a garejin gidana. Ta rasu ranar da ta fara fita aiki, a tsakiyar rafin da aka yi ta dominsa, bayan doguwar jinya da gajeriyar tafiya.

Tun da ba kowa ne ya san asalin marigayiyar ba, ya kamata in faɗa. Ina da gonar gado a hayin rafi, ɗan ƙanena ke noma mini ita. Da rani nakan je in ga kara. Da damina kuwa, lokacin da gona ke faɗin gaskiya, rafi ya cika, gwiwoyina kuma sun daɗe da yin sallama da babur, balle ratsa ruwa da ƙafa. Kowace kaka sai ɗan ƙanen nawa ya zo, magidanci da gemunsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, bana ma ruwa ya kwanta a gonar." Ya dire mini abin da ko kaji ba zai riƙe ba, ya miƙe da sabuwar riga a jikinsa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan sitiyarin babbar mota, na ƙarasa da dillanci, ba a taɓa sayar mini da gurgun doki ba, ga shi ana yi mini aski ba ruwa a cikin dangi. Sai na ƙudura zan ga gonar nan da idona a tsakiyar damina. Gani ya kori ji.

A filin mai gwangwan na unguwarmu, mai sayen tsofaffin ƙarafa, na same ta, tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, kaji na zuba ƙwai a kujerarta. Na zagaya ta ina tsaki yadda mai saye yake yi, na ce ya faɗi kuɗi.

Ya ce, "Direba, ɗauke ta. Ko sisi ba na so."

Na ce, "Sai kuma me?"

"Sharaɗi biyu ne. Duk abin da ka cire daga jikinta, nawa ne. Ran da ta mutu kuma, gawar ta dawo gida."

Na yi maza na miƙa masa hannu kafin hankalinsa ya dawo. Mai waldan unguwarmu ne shaidarmu. Na koma gida ina tausaya wa iyalin mutumin nan. An ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ni na ɗauka zomayen wasu ake nufi.

Marigayiya ta tashi a gidan mutunci. Garejin da ta zauna, nan uwar 'ya'yana take ɗinki. Na roƙi aronsa, ta ja kekenta zuwa lungun da ke bakin kicin, ta ce, "Har zuwa yaushe?" Na ce, "Kafin ruwan fari." Ba ta tambayi na wace shekara ba, ni ma ban faɗa ba.

Da farko gyaran gaskiya na yi mata. Na sauke injin na wanke shi ciki da waje, na sa sabon kuloci da birki, na toshe yoyon lagireto. Ranar da ta tashi, ba zan manta muryarta ba: kyar-kyar-kyar, ta yi tari, sannan ta kama tuf-tuf-tuf a natse kamar tsohuwa na daka a turmi. Na danna hon, ya yi wani kuka irin na ɗan akuya mai mura. A ranar, da na so, da na fita da ita. Amma da na ja baya na dubi tayoyinta, sirara kamar ƙafar balbela, sai na ga ba za a shiga rafi da wannan abin kunya ba.

Daga nan girmanta ya fara. Na sa mata manyan tayoyi masu haƙora. Tayoyin suka riƙa gugar jikinta, sai muka ɗaga ta da sababbin sifirin da shokazoba. Da ta ɗagu, injin da na sha wahalar gyarawa ya kasa juya ƙafafun, sai na sauke shi na ɗora na ƙaramar motar roka. Sabon injin ya fi ƙarfin giyabos, muka canza giyabos. Giyabos ya ƙi zama a kan tsohon shasi, wato ƙashin bayanta, mai walda ya haɗa mata wani da ƙarfe mai kaurin cinya. Sabon shasi ya fi tsohon bodi faɗi, sai muka ɗauke bodin gaba ɗaya muka yi mata keji da bututun ƙarfe. Na ɗaura mata janwe a goshi don ta ciro kanta in ta kafe. Na yi mata hanci, wani dogon bututu da ya hau har saman rufi, don ta yi numfashi ko ruwa ya kai mata wuya. Hon ɗin akuya ma na cire, na sa mai ruri wanda ya sa maƙwabcina ya daina gaishe ni. A nan ne ta samu sunanta.

Duk wannan hidima, mai gwangwan bai taɓa fashi ba. Da ya ji ƙarar guduma sai ga shi da amalankensa da gwangwanin zuba noti. Ya gaishe ni da ladabi, ya tsuguna a gefe, abin da kawai yake faɗa shi ne, "Mai walda, don girman Allah a kwance, kada a yanka." Ya bi ƙasa yana tsintar noti da ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ya tura kayansa zuwa bayan shingen langa-langa na filinsa. Nakan ce wa mai walda, "Ka ga abin da talauci ke yi wa mutum." Mai walda sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa. Na ɗauka kunya ce.

Halayen marigayiya kuwa, duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaida. Mai haƙuri ce: an fasa ta, an ƙona ta da wutar walda, an huda ta ta ko'ina, ba ta taɓa ɗaga murya ba, sau da yawa ma ko an roƙe ta ta ɗaga ba ta yi. Ba ta taɓa buge ɗan kowa ba, ba ta taɓa taka kazar maƙwabci ba, jami'in hanya bai taɓa tsayar da ita ba, don ba ta yawo. Mai kyauta ce: a dalilinta mai walda ya rufe ɗakinsa da sabon kwano, mai sayar da kayan gyara ya fara kirana "ranka ya daɗe". Abinci kuwa ba ta raina shi. Ko a tsaye take, in aka tashe ta don a gaisa, sai ta sha man da zai kai wata motar unguwa ta dawo.

Aibinta ɗaya, in aibi ne, ta fi ƙofar gidansu girma. Tun muna ɗaga ta uwar 'ya'yana ta leƙo da tef ɗin awo a wuya ta ce, "Baban yara, ka auna ƙofar nan kuwa?" Na ce mata kowa ya tsaya a sana'arsa. Ranar fita muka sace iskar tayoyi, ba ta wuce ba. Muka cire hancin, ba ta wuce ba. Sai da magini ya zo ya fasa saman ƙofar. Uwargida ta tsaya tana kallon ɓaraguzai ta ce, "Madalla, dama wurin ba haske." Muka mayar da hancin a gurguje. Da ya ƙi zama daidai a gindinsa, inda yake haɗuwa da injin, na naɗe wurin da robar cikin taya, da niyyar in na dawo a yi masa aikin ƙwarai.

Ciwon ajali ya same ta da hantsi, damina ta yi tsaka. Ta fita unguwa tana ruri, mutane na darewa. Laka ta tare ta, ta taka ta kamar tabarma. Da muka isa bakin rafi na sa babbar giyar ƙarfi, ta sunkuya ta shiga. Har tsakiya tana tafiya irin ta manya. A nan ne yashin ƙasan ruwa ya ji nauyin ƙarfen da muka yi shekaru muna ɗora mata, ya buɗe baki. Na ba ta wuta, tayoyin nan masu haƙora suka yi aikin da aka saye su dominsa, suka haƙa mata rami. Na waiga neman bishiyar da zan maƙala igiyar janwe, sai na tuna ba a shuka bishiya a tsakiyar rafi. Hancinta na sama na shaƙar iska lafiya lau, ashe ta wajen robar nan take sha. Ta ce gur-gur-gur. Ta ce ƙwal. Sannan wani abu a cikinta ya ce ƙas, kamar an karya busasshen ice. Ba ta sake magana ba.

Amma ina so a rubuta mata wannan, don shi ne gaskiya: ta cika alkawari. Da ruwa ya shigo mini har kujera, na lallaɓa da gwiwoyin nan na hau rufinta. Tsawon da ya sa aka fasa mini ƙofa, shi ya ɗaga ni sama da gaɓar rafi, sai ga gonata shimfiɗe a gabana. Masara ta yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ta fi mutum tsawo, ko cokali ɗaya na ruwa bai kwanta a cikinta ba. Ga ɗan ƙanena a bakin kunya da fartanya a kafaɗa, ya saki baki. Ya gangaro yana cewa, "Baba, sannu da zuwa, ai da ka aiko." Na ce, "Bana dai na ga inda ruwan ya kwanta."

Ina nan a kan rufi sai na ji kuka daga bayana, kukan ɗan akuya mai mura. Na san muryar kafin in juya. Wata 'yar akori-kura ce mai siraran ƙafafu ta gangaro, tuf-tuf-tuf, ta shiga ruwa ta gefena, ta wuce kamar agwagwa, ta haye, ta juyo. Na san lanƙwasar ƙofarta. Na san injin, don ni na wanke shi. Na san kulocin, don ni na saya. Mai gwangwan ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, ya muka ji da haƙuri?" A gefensa mai walda ne zaune, yana kallon wani wuri daban.

Da sarƙa da duwatsu da kafaɗun manoma aka fito da gawar. Ɗan ƙanena ya fi kowa turawa.

Marigayiya ta bar ni, mahaifinta. Ta bar manyan tayoyi da ko haƙori ɗaya bai ci ba, da janwe wanda bai taɓa jan komai ba, da hanci mai lafiya. Ta bar mai sayar da kayan gyara cikin maraici, har ya fara mantawa da "ranka ya daɗe". Ta kuma bar uwa ɗaya, 'yar akori-kurar nan, wadda muka ɗauka ta riga ta gidan gaskiya, ashe tana raye, tana jigilar kaya kullum safiya.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi daga ƙofar gidana zuwa filin mai gwangwan, bisa sharaɗin da na miƙa hannu a kansa ina murmushi. Uwar ce za ta ja ta. Ana roƙon masu rakiya su zo da sifana, don mai gawa ya ce a kwance, kada a yanka. Za a karɓi gaisuwa a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, ba a gareji ba, domin tun kafin tayoyin marigayiya su bushe keken ɗinki ya koma mazauninsa, yana aiki cikin haske. Mai niyyar cewa "ai na faɗa maka" ya riƙe abinsa, an samu da yawa.

Masu tambayar wa ya ci riba, ga yadda rabon ya kasance. Mai gwangwan ya ba da mushe, ya samu mota mai rai wadda wani ya gyara masa, ga kuma gawa cike da sababbin kaya. Uwar 'ya'yana ta samu ɗakinta da ƙarin taga. Ɗan ƙanena ya yi asarar ruwan da yake kwantarwa a gonata kowace shekara, bana sai ya nemi sabuwar riga a wani wurin. Ni kuwa, kada a yi saurin yi mini kuka. Ranar da muka cire tsohon makunni, inda ake zura makulli a tayar da mota, aka jefa a amalanke, makullinsa na aljihuna, tare da na ƙofar gida. Makulli ba a jikin mota yake ba, sharaɗi bai hau kansa ba. Tun da ya tayar da motar nan, da haɗa waya yake kunna ta kamar ɓarawo, a gaban jama'a. Jiya ya zo neman makullin, na ce ba na sayarwa ba ne. Sharaɗina ɗaya: duk damina zai kai ni gona ya dawo da ni, a kujerar gaba, kuma ni zan murɗa makullin da hannuna.

Ya miƙo mini hannu nan take, ko tayi bai yi ba, kamar mai tsoron kada hankalina ya dawo. Wannan saurin nasa nake ta juyawa a raina tun jiya.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.