Ragon Layya da Ɗinkin Marata

Ana gab da Babbar Salla aka yi mini aikin ƙaba. Likita ya ja mini kunne: in riƙa ɗan tattaki kullum, amma kar in ɗaga abu mai nauyi, in ba haka ba ciwon mara zai iya bi na har tsufa. Na ce to. A raina kuwa na ce wannan gargaɗin na ragwayen maza ne.

Ran Salla aka feɗe ragona, aka tsire shi a sanduna, saura a kai shi bakin wuta a ƙofar gida. Ga taubashina ya zo daga Zermu, yana ta kirana majinyaci. Yayana ya miƙo hannu, na ce, "Bari, Yaya, ai na warke."

Na rungumi ragon na yunƙura. Sai wani abu ya soke ni a mara. Na kasa miƙewa, na kasa ajiyewa, na ƙame a sunkuye, kumatuna manne da kitse.

Taubashina ya ce, "Ku ƙyale su, ban kwana suke yi."

A asibiti likita ya duba ya ce ɗinkin bai motsa ba, Allah ya rufa asiri. Na koma tattakina, ciwon ya tafi bai dawo ba.

Tsiyar ce ba ta tafi ba. Duk Salla sai Yaya ya ajiye mini kujera nesa da wuta, ya ce, "Ku riƙe Angon Rago, ga amarya za ta wuce."