Rasuwar Amandus, Yis ɗin Gidan Vanhooren

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tulu mai cike da ruwan tsiron sha'ir da ya ƙi tashi ya zama giya, ni Odiel Vanhooren, tsohon direban motar madara, a madadin iyalina da abin ko a jikinsu, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan ƙungiyarmu ta masu dafa giya a gida, a nan ƙauyenmu na gefen Poperinge, rasuwar yis ɗinmu, Amandus. Ya riga mu gidan gaskiya a cikin kwalbarsa, a tsohon firinjin ɗakin ƙasa, a makon nan da aka yi zafin da ya kusa narkar da kwalta. Ya rasu yana da shekara goma sha bakwai. A shekarun yis wannan tsufa ne da ya isa a ce magajin gari ya zo gaisuwa da kansa, amma har yau ba mu ga ƙeyarsa ba.

Marigayi ɗan asali ne. Ba ya cikin yis ɗin leda da ake saya a kanti, waɗanda ba a san uban kowa a cikinsu ba. An haife shi a gindin kwalabe uku na giyar sufayen cocin bayan tudu, irin wadda ake barin yis ɗinta da rai a ciki, ya kwanta a ƙasa fari kamar ƙullun koko. Kwalaben na mahaifinmu ne. Ya ajiye su a tsaye a wuri mai sanyi yana jiran ranar da ta dace, ranar kuwa ta zo, sai dai shi ne ba ya nan. Da muka dawo daga binne shi, ni da ƙanena Firmin muka sauka ɗakin ƙasa da baƙaƙen kwat ɗinmu, muka buɗe su. Ina tsiyayawa a kofi, Firmin ya riƙe mini hannu ya ce, “Yaya, kar ka ɗaga gindin. Ai ran yana ƙasa.” Muka bar guggubi kamar kaurin yatsa a kowace kwalba. Shi ya gasa bakin kwalaben da wutar sigarinsa don kashe ƙwayoyin cuta, ni na zuba musu ɗan ruwan tsiron sha'ir da na tafasa ya huce, marar kauri, irin wanda jariri zai iya da shi. Muka rufe da takardar gwangwani, muka ajiye a bayan murhu.

Kwanakin farko marigayi bai ce uffan ba. Matata Magda, wadda Allah bai hana ta baki ba, ta riƙa wucewa tana cewa, “Sannunku da gadin ruwan wanke-wanke. In ya haihu ku kira ni suna.” Muka ci gaba da girgiza kwalba safe da yamma. Wata safiya sai ga siririyar kumfa ta zagaye bakin ruwan. Muka mai da shi babbar kwalba, daga nan zuwa wadda ta fi ta, har ya isa shiga tulu. A ranar ne ya fara magana ta 'yar ƙugiyar ruwan da ke bakin murfi. Ɓul. Ya ɗan yi shiru. Ɓul, ɓul. Firmin ya cire hula, ni na yi kuka, ba na kuma jin kunyar faɗa. Daga baya muka raba shi gida biyu a kwalaben zuma, kowa ya tafi da nasa. Cikin duk abin da mahaifinmu ya bari, wannan kaɗai aka raba ba tare da lauya ba.

Wanda duk ya zauna da marigayi zai shaida halinsa. Bai taɓa neman komai ba sai zaƙi da sanyi. In ka ba shi ruwan tsiro da yamma, kafin gari ya waye ya ɗaura farin rawanin kumfa, gidan duk ya ɗauki ƙanshin ayaba da kanumfari. Yana aiki ranar Lahadi, yana aiki ranar hutun ƙasa, bai taɓa shiga yajin aiki ba, abin da ba za a iya faɗa a kan ma'aikatan jirgin ƙasarmu ba. Bai taɓa tambayata ina na tsaya ba. Bai taɓa cewa in rage cin soyayyen dankali ba. Ya halarci baftismar jikokin maƙwabta, ya halarci jana'izar surukata, inda ya taimaka wa mutane da yawa suka iya yabonta. In kuma ya gama aikinsa sai ya koma ƙasa ya kwanta, ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto.

Na ambaci hoto ne saboda akwai masu tsayawa. Shekara tara da suka wuce, a bikin girbin furen ɗacin da ake sa wa giya, wani mutum ya shigar da giyarsa gasa, ya yi nasara, aka liƙa masa jan ƙyalle a ƙirji. Wakilin jaridar gunduma ya tambaye shi daga ina ya samo yis mai daraja haka, sai ya gyara tsayuwa ya ce, “Ni na tashe shi da hannuna, daga kwalbar mahaifina.” Mahaifinsa. Kamar shi kaɗai tsohon ya haifa, kamar ruwan tsiron daga sama ya zubo. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, domin wannan sanarwar mutuwa ce, ba wurin tone-tone ba ne. Tun daga ranar dai ni da Firmin ba ma ga-maciji. Coci ɗaya muke zuwa, shi dama ni hagu. Rumfar soyayyen dankali ɗaya muke saye, mai rumfar ya san ya sallami ɗaya kafin ɗaya ya iso.

Jinyar ajali ta fara ne lokacin da aka kwantar da ni asibiti don a sauya mini ƙugu. Saurayin 'yata Annelies, wani dogon yaro mai suna Wessel, ya zo ya zauna a gidan don ya taimaka. Ɗan Holan ne. Ban ce komai ba, na dai faɗi inda ya fito. Yaro mai ladabi, mai kashe fitila tun kafin ka gama fita daga ɗaki, mai yanka cuku siriri har kana hango faranti ta cikinsa. Wannan bawan Allah ya sauka ɗakin ƙasa, ya ji tsohon firinji yana gurnani, ya buɗe ya ga kwalbar zuma guda ɗaya da farar laka a ciki. Hankalinsa ya tashi. Ya zare wayar daga bango, ya hau sama da farin cikin wanda ya ceci rai. A makon ne kuma aka yi zafin nan.

Ranar da aka sallamo ni, shi ya tarye ni a ƙofa, fuskarsa har tana sheƙi. “Baba, na gyara maka wata ɓarna a ƙasa. Firinji guda sukutum don kwalba ɗaya? Ai a garinmu sai a kira maka likita.” Da sabon ƙugu da sanduna biyu na sauka matakalar nan, abin da likitan ya ce kada in kuskura. Na buɗe murfin. Marigayi ya ce fsss, a hankali, ni kuwa na san wannan ba muryarsa ba ce. Baƙi ne suka shiga gidansa. Wata yana ta rufe samansa, warin kuma kamar an ƙona taya a cikin romon nama.

Ba mu zauna mun zuba ido ba. Na ɗebo daga can ƙasa da cokalin da na tafasa, na ba shi ruwan tsiro marar kauri irin na jarirantakarsa. Na naɗe shi da rigar sanyin Magda, wadda har yanzu take nemanta. Na kira shugaban ƙungiyarmu, Gaston mai kantin magani, ya zo ya shinshina, ya ja da baya ya share ido, ban sani ba ko tausayi ne ko wari. “Odiel,” ya ce, “wannan sai dai haƙuri. In ka zuba shi a tulu, ruwan tsami za ka samu na wanke tagogi.” Wessel, da yake yaro ne mai son gyara, ya ce ya ga yis ɗin leda an yi masa ragi a babban kanti. An fitar da shi daga ɗakin don lafiyarsa.

Don kada a ce ban yi iya yina ba, na je gidan sufayen na bi layi, na sayo akwati guda na giyar nan. Na sadaukar da kaina na shanye ta saboda iyali, ina barin guggubin kowace kwalba. Ya kuwa tashi, da sauri ma, har ya ba ni tsoro. Amma ba ayaba, ba kanumfari, ba komai. Ashe bayin Allah sun sauya tsari. Yanzu tace nasu yis ɗin suke yi su ɓoye, sannan su jefa wani ɗan ƙwadago a kwalba wanda aikinsa kawai ya kawo kumfa. Ina girmama su, mutane ne masu addu'a, sun kuma iya rufe ƙofa. Ta wannan ɓangaren dai zuriyar marigayi ta yanke.

Marigayi ya rasu ya bar tuluna biyu, da bututun roba, da babbar tukunyar jan ƙarfe, da tarin kwalabe wankakku da suka yi sahu a kan kanta suna kallona. Ya bar ni. Ya kuma bar bikin Annelies, wanda aka sa bayan girbin furen ɗaci. Kowa ya san a gidanmu uban amarya ne ke dafa giyar biki. Kakanmu ya yi, mahaifinmu ya yi wa yayyenmu mata da yis ɗin da yake ɗebowa a gwangwani daga tsohuwar masana'antar ƙauye kafin ta rufe. Ba a taɓa ɗaura wa 'yar Vanhooren aure da giyar kanti ba, kuma 'ya ɗaya gare ni. Giyar tana buƙatar makonni a tulu da wasu makonnin a kwalba, saboda haka in ba ta hau wuta a ƙarshen watan nan ba, shi ke nan, ni ne zan fara.

Cikin waɗanda ya bari akwai kuma ɗan tagwayensa. Ina jin labari yana nan lafiya lau, ya yi ƙiba, a firinjin wani gida da ke bayan coci. Magda ba ta gajiya da tuna mini. “Gida uku ne tsakaninku, tsoho. An sa maka sabon ƙugu, meye amfaninsa in ba zai kai ka can ba?” Na ce mata ƙugun na tafiya ne, ba na durƙuso ba. Babba ba ya zuwa ƙofar ƙanensa da kwalba a hannu yana roƙon abin da shi ya fara ba wa abinci.

Annelies ce ta same ni a ɗakin ƙasa ina zaune gaban firinjin, wanda na mayar wa da wutarsa ko da yake ba kowa a ciki. Ta zauna a kan akwatin kwalabe. “Baba, wallahi ko ruwan famfo aka sha a bikina ban damu ba,” ta ce. “Amma Baffa Firmin ne ya koya mini keke. Ni ban san me jarida ta rubuta ba, ina makaranta lokacin. Shekara tara ina gaishe shi a ɓoye a bayan coci kamar na yi sata.” Na ce warin marigayi ne ke sa idona ruwa, ita kuma ta bar ni a haka. Gaskiyar magana, ban taɓa jin gidan nan ya yi mini girma kamar ranar ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar, in Allah Ya kai mu. Za a ɗauko marigayi daga ɗakin ƙasa zuwa lambu, a zuba shi a gindin furen ɗacin da ke jikin shinge. Ba za a zuba shi a magudanar wanke-wanke ba, duk wadda ta kawo wannan shawara ta san kanta. Wessel ne zai haƙa kabari, ya kuma nuna jin daɗinsa da ya ji ba sai an ɗauki ma'aikaci ba. Gaston zai yi ɗan jawabi daga nesa. Bayan nan za a sha kofi da ƙananan burodi da cuku da naman alade kamar yadda aka saba, Magda ce za ta yanka cukun. Giya kam babu. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar kati, kuma duk wanda ya zo da yis ɗin leda don ta'aziyya za a raka shi har bakin titi.

An liƙa wannan sanarwa a ƙofar coci da rumfar soyayyen dankali. An tura guda ta ƙarƙashin kowace ƙofa a layinmu, kuma da yake yaɗa labarin mutuwa ba ya tsallake gida, an tura har ta gidan da ke bayan coci. Jana'iza ba ta da gayyata, ba a kuma korar kowa. Ƙofar lambu za ta kasance a buɗe, ba sai mutum ya bi ta falo ya gaisa ba, ba sai ya yi jawabi ba, ba wanda zai ɗauko zancen jarida. In wani dangin marigayi na jini ya ga dama ya zo da kwalbar zuma a aljihun kwat, za a karɓa, saboda marayun tulunan nan.

In kuma ya zo hannu rabbana, to, Firmin, ka zo ɗin.