Muryar Direkta Janar

Duk Dogon Dutsi babu wanda Allah ya yi wa baiwar waƙa kamar Abdussalamu Rabo. Bai taɓa rera ko baiti ɗaya ba, amma wannan ba komai ba ne. Shi ne manajan Samarin Dutsi, mawaƙa huɗu masu aski iri ɗaya, kuma shi ya naɗa kansa Direkta Janar. Baƙin tabarau yake sawa ko hadari ya rufe gari.

Ranar da samarin suka shiga situdiyo ɗaukar sabuwar waƙarsu, "Rumaisa'u", Direkta ya tausaya wa duniya, ya ce ba zai hana ta jin muryarsa ba. Ya karɓe makirfo daga hannun Khalid, jagoran mawaƙan, ya buɗe maƙogwaro:

"Atansiyon! Atansiyon! Ni na, Direkta Janar! Ku yi silans, ku yi tsit, Arewa duka!"

Minti biyu cur yana wannan kafin kiɗa ya shigo. Khalid kamar ya yi kuka.

Waƙa ta fito, ta shiga jerin goma na gidan rediyon gari a ta goma, ta yi mako uku a nan ba motsi. Sai wani mai tura waƙoƙi a waya, a kasuwar Kore Mairuwa, marar ladabi, ya datse jawabin. Cikin mako biyu "Rumaisa'u" ta hau ta ɗaya, 'yan kabu-kabu da 'yan mata duk ita suke rerawa.

Direkta ya daina cin abinci. Ta ɗaya, babu muryarsa! Ya zagaya majalisun shayi yana bayyana cewa jahilci ya gama da ƙasar nan.

Ana haka labari mai sanyaya zuciya ya iso: a ƙauyukan Dumega, guntun da aka datse shi kaɗai mutane ke nema a saka musu a katin memori.

"Kun gani? Talakka ya san kalite, ya san abu mai kyau!" in ji Direkta.

Ya saka kwat cikin zafin kaka, ya hau bayan babur, ya tafi gaisawa da masoyansa.

Tun daga bakin gonaki ya jiyo kansa. "Atansiyon! Atansiyon!" gabas da yamma, har ƙwalla ta cika masa tabarau. Ya sauka, ya kutsa cikin gero, ya tarar da 'yar rediyo rataye a kan sanda, kusa da wata tsohuwar riga da aka cusa wa ciyawa. Sama kuwa tsuntsaye ne ke watsewa a firgice.

Da Direkta ya gabatar da kansa, mai gonar, wani dattijo Munkaila, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai na mai muryag ga? Allah shi yi ma albarka! Bana ko zangarniya guda ba su taɓa muna ba. Sai dai batir na ƙarewa da rana tsaka. Tunda ka taho da kanka, don Allah tsaya nan wurin sanda har la'asar."