Yadda Za Ka Ci Rumfar Jabi Da Ƙahon Barewa

Rumfa ɗaya ta rage a kasuwar Asabar ta bakin tafkin Jabi. Madam Perpetual mai rabon rumfuna ta rantse sai mai sassaƙa 'yan ƙananan dabbobi da ƙahon barewa za ta ba. Ko cokali ba ka taɓa sassaƙawa ba? Madalla! Bi matakan nan, na ba ka tabbaci rumfar taka ce.

1. Samo ƙaho
Kada ka wahalar da kanka neman barewa, ko a ƙauyen Orozo ba ka ganinta. Tafi kwata wajen Yahuza mahauci, ka ce ya ba ka ƙahon akuya. Zai tambaye ka, "Miya za ka yi da shi?" Yi murmushi kawai. Masu fasaha ba sa bayani.

2. Sassaƙa
Jiƙa ƙahon a ruwan zafi ya yi laushi, ka ɗauko wuƙar albasar matarka. Yi niyyar giwa. Hanci ya karye? Ta zama tunkiya. Ƙafafu sun ɓalle? Kifi ne. Duk abin da ya rage a hannunka, shi ka nufa tun farko.

3. Ƙanƙanta shi
Abu in bai kai ƙwayar gyaɗa ba, babu mai iya cewa bai yi kama ba.

4. Gaban Madam
Sa baƙin tabarau, ka miƙa mata abin da ka sassaƙa. Bari ita ta sa masa suna. Idan ta ce, "Kai, wannan kunkuru ya yi fine!" sai ka ce, "Madam, gaskiya kina da ido."

5. Karɓi nasara
Za ta tafa hannu ta ce, "Rumfa naka ne, oga!" Ka yi murna, halak ne. Daga nan za ta buɗe bayan mota ta jawo ƙahon barewar Turai na ainihi, mai rassa, mai taurin dutse.
"Brother na ya kawo. Ran Asabar za ka sassaƙa fuskan mijina a gaban customers. Na kira 'yan talabijin."
Danna farce ka gwada. Ko alama. Ƙara faɗaɗa murmushin.

Sanarwa
Ba ruwana da yankewar yatsa, fushin mijin Madam, ko duk abin da za a nuna a labarai. Ran Asabar ina can garin Uke, wayata kuma a kashe.